Hasken Da Ke Rarrabe Rayayyen Hanji Da Matacce

Ku sani hanjin ɗan Adam da jini yake rayuwa, kamar yadda lambunan bakin Gulbin Sakkwato ke rayuwa da ban ruwa. Idan ƙaba ko gwaiwa ta shaƙe hanji, ko ya murɗe, jini ya yanke masa, cikin sa'o'i kaɗan sai ya mutu ya ruɓe, mai shi kuwa yana tsammanin ciwon ciki ne kurum.

Maganin wannan shi ne likita ya yanke mataccen, ya ɗinke bakunan biyu da suka saura. Ɗinkin hanji tsohon ilmi ne, domin Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin ɗinke shi da zaren hanjin dabba. Wuyar aikin ita ce sanin iyaka. Idan aka ɗinka inda jini bai isa ba, bayan 'yan kwanaki ɗinkin ya buɗe, ƙazanta ta malala cikin ciki. Idan kuma aka yanke da yawa, an yi wa mutum asarar lafiyayyen hanji. A al'ada likita yakan dubi launin hanjin da motsinsa, ya taɓa jijiya ya ji bugunta. Amma ido yakan ruɗu.

Daga 1985, sa'ad da likita Erich Mühe na Jamus ya cire matsarmama ta 'yar ƙaramar kafa, sai fiɗa ta sake hali. Maimakon a tsaga ciki, akan huda kafofi uku ko huɗu, a hura iska ciki ya ɗaga, a zura madubi mai fitila, likita yana kallon hoto a allo. Rauni ƙarami ne, warkewa da sauri, sai dai yatsan likita ba ya kai wa ga hanji balle ya ji bugun jijiya.

To, a nan aka nemi taimakon rini. Akwai wani koren ruwa da kamfanin Kodak ya haɗa a 1955, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 1959. Akan zuba kaɗan a jijiyar majiyyaci, ya bi jini duk inda ya nufa. Sa'an nan a haska hanjin da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani, amma madubin yana gani. Cikin kamar minti ɗaya, inda jini ke gudu sai ya yi walƙiya kore a allo, inda ya yanke ya zauna duhu, iyaka ta fito sarai. Bayan minti 3 ko 4 hanta ta janye rabin rinin daga jini, saboda haka ana iya maimaitawa bayan ɗinki. Mai sayen turmi ya san amfanin ɗaga zane ga rana kafin ya biya.

Amma ku lura, jama'a: wannan na'ura mai tsada shaida take bayarwa, ba ta rayar da matacce. Abin da ke hannunmu shi ne lokaci. Wanda gwaiwarsa ta kumbura ta ƙi komawa, ga ciwo da amai, ga kashi da tusa sun tsaya, kada a ɗura masa jiƙo, kada a jira kasuwa ta tashi. A kai shi asibitin Tsafe ko na Bungudu nan take, in ta kama a wuce asibitin tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura. Malamai su faɗa a majalisa cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Attajirai kuma, idan yaron da ke ɗaukar muku kaya yana da ƙaba, ku biya a gyara masa tun ba ta shaƙe ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.