Tarar Ajiye Mota Da 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki A Amurka

Na daɗe ina mamakin yadda Amurkawa ke jawo kundin tsarin mulkinsu cikin kowace ƙaramar taƙaddama, har da ta wurin ajiye mota. Gyaran Farko da aka yi wa kundin a 1791 ya hana gwamnati tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, shi ne kuwa garkuwar da wasu ke ɗagawa idan rigimar tara ta taso.

A garin Keene na jihar New Hampshire, wasu masu adawa da wannan tara sun ari sunan Robin Hood suka yafa. Sukan riga ma'aikatan fakin isa ga mitar da lokacinta ya ƙare, su zuba mata tsabar kuɗi, su bar wa mai motar ɗan kati. Sukan kuma bi ma'aikatan sau da ƙafa, suna ɗaukar su a bidiyo, suna yaɓa musu magana. A 2013 hukumar garin ta maka su a kotu, tana neman diyya da umarnin nisanta su daga ma'aikatanta. A 2015 Kotun Ƙolin jihar ta ce babu diyya, domin abin da suka yi magana ce kan lamarin da ya shafi jama'a, a bainar jama'a, ba tare da duka ba. Batun nisantawar kuwa ta mayar wa ƙaramar kotu, ita ma ta ƙi bayar da umarnin.

Sai dai mai karatu ya lura, wannan hukunci bai yafe wa kowa tara ba. Wanda ya bar motarsa inda aka hana, sannan ya ce zanga-zanga yake yi, da wuya ya sha. Tun 1968, a shari'ar O'Brien, wanda ya ƙona katinsa na rajistar shiga soja don adawa da yaƙin Biyetnam, Kotun Ƙolin Amurka ta nuna cewa dokar da ke kare wata muhimmiyar maslaha, ba don danne ra'ayi ba, tana nan daram ko da ta faɗa kan mai bayyana ra'ayi. Dokar fakin ba ruwanta da abin da ke ranka, mintoci take ƙirgawa.

A ganina kotun New Hampshire ta yi daidai, ko da yake hukuncin bai yi mini daɗi gaba ɗaya ba. Ma'aikatan da aka yi ta bi ba su suka kafa dokar ba, abinci suka fito nema, kuma ɗaya daga cikinsu sai da ya ajiye aikin.