Gigin Tsufa Ko Cuta? Faɗakarwa Ga Jama'ar Ƙasar Yauri

Duk wanda ya zauna da dattawan Gungawa da Sarkawa na bakin tafkin Kainji, tun daga Yelwa har Wara, ya san yadda tsoho zai kawo maka labarin gungun da aka haife shi kafin ruwan madatsa ya ci shi a 1968, ya lissafa sunayen mutane da bishiyoyi babu tuntuɓe, alhali kuwa in ka tambaye shi ko ya karya kumallo yau, sai ya yi shiru. Iyali kan ɗauki wannan a matsayin hujjar lafiyar hankali, ga shi kuwa ita ce ɗabi'ar cutar mantuwa, wadda likitan Jamus Alzheimer ya bayyana mafi yawan nau'inta a 1906: sabon abu take fara sharewa, tsohon labari sai can daga baya.

Mantuwar suna, wadda kan dawo bayan ɗan lokaci, al'adar shekaru ce. Abin lura shi ne Baba ya maimaita tambaya guda sau da yawa a zama ɗaya, ko lissafin kuɗin kifi ya gagare shi, ko hannun da ya shekara hamsin yana ɗinkin koma ya rasa ta inda zai fara, ko ya ɓace tsakanin masallaci da gida, ko raka'o'in salla su riƙa rikice masa kullum har ƙabli da ba'adi su kasa gyarawa. Wata tsohuwar kuwa ajiya za ta yi ta manta, sa'an nan ta tuhumi surukarta da sata, daga nan sai maganar sammu da maita ta shigo, a zalunci marar lafiya. Game da rikicewar salla kuwa, malamai sun yi ittifaƙi cewa taklifi yana tare da hankali. Wanda hankalinsa ya raunana, uzuri ya wajaba a yi masa.

A kai shi asibiti da wuri, domin ƙarancin sinadarin B12, da ciwon maƙoƙo, da baƙin ciki mai tsanani, duk suna kwaikwayon wannan cuta, kuma suna da magani. Hawan jini da ciwon sukari kuwa suna gaggauta ta. Ruɗewar da ta auku farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, wataƙila zazzaɓi ne ko shanyewar ɓarin jiki, kada a kwana da ita. In aka buƙaci ƙwararru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Kafin nan, kada a bar marar lafiyar ya shiga kwalekwale shi kaɗai.