Yadda A Ke Zaɓen Yara Masu Hazaƙa Daga Makarantar Elementare

Ko wane malami da ya taɓa tsayawa gaban aji ya sani Allah bai yi yara daidai ba. A cikin yara hamsin a kan sami ɗaya ko biyu waɗanda kafin malam ya rufe baki sun riga sun gane inda ya nufa, sa'an nan su zauna suna hamma, suna jiran 'yan'uwansu. Irin waɗannan ne a ke nema a kai makarantun da aka keɓe domin masu hazaƙa. To, da ya ke mu ne za mu riƙe azuzuwan da a ke tsamo su, ya kamata mu san hanyar da a ke bi, mu kuma san inda ta ke yoyo.

Zaɓen yara ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Sa'ad da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, ko wane lardi 'yan kaɗan ya kan aiko daga cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a makarantarsa. Ta wannan hanya Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi daga makarantar ƙauyensu, ya shiga ta lardi a Bauchi cikin 1925, ya isa Katsina cikin 1928. Wajen 1930 aka kafa makarantun midil, suka zama tsani tsakanin elementare da kwaleji. Kwalejin kuwa ta koma Kaduna cikin 1938, daga nan Zariya cikin 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu.

A zamanin nan Gwamnatin Tarayya tana da makaranta guda a Suleja, cikin Jihar Neja, wadda aka buɗe cikin 1990 musamman domin yara masu hazaƙa, maza da mata, daga ko wane sashe na Nijeriya. Yaron da zai shige ta sai ya wuce ƙofa uku. Ta fari ita ce rajista. Lalle ya kasance yana ajin ƙarshe na elementare, wadda yanzu a ke kira firamare, bai kuwa wuce shekarun da aka ƙayyade ba, sa'an nan a biya masa kuɗi, a shigar da sunansa ta intanet. Ta biyu ita ce jarrabawa, wadda hukumar NECO ke shiryawa. Ta uku kuwa ita ce tankaɗe, watau a jera sakamako a ɗebi na sama gwargwadon gurbin da ke akwai.

Tambayoyin irin wannan jarrabawa kashi biyu ne. Akwai masu auna abin da aka koya wa yaro, kamar lissafi da Turanci. Akwai kuma masu auna kaifin hankalinsa. Misali, a rubuta masa 2, 6, 12, 20, a ce ya faɗi mai bi musu. Ba wani darasi da ya koya masa wannan. Sai dai ya lura da kansa cewa tazarar tana ƙaruwa da biyu biyu, watau 4, da 6, da 8, saboda haka ta gaba 10 ce, amsa 30 ke nan.

Asalin irin wannan awo daga Faransa ya fito. Wani masani mai suna Alfred Binet da abokin aikinsa Simon su suka shirya shi cikin 1905, nufinsu kuwa a gane yaran da karatu ke yi wa wuya domin a taimake su. Cikin 1916 Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya gyara shi, daga 1921 kuma ya shiga neman yara mafiya hazaƙa a Kalifoniya, har ya tara kimanin 1,500, aka yi ta bin labarin rayuwarsu shekara da shekaru. Yawancinsu sun yi ilmi mai zurfi, sun riƙe manyan ayyuka, watau awon ba banza ba ne. Amma a cikin yaran da aka gwada aka ce ba su kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya suka sami kyautar Nobel a kan ilmin kimiyya, na fari cikin 1956, na biyu cikin 1968. A cikin zaɓaɓɓun kuwa babu ko ɗaya da ya same ta. Ashe jarrabawa rariya ce, tana tace da yawa, amma wani tsaba ya kan bi dusa.

Duk da haka, ba a ɗakin jarrabawa a ke yin babbar hasara ba. A ƙofar fari a ke yin ta, wurin yaran da ba a ko kai su ba. An ga shaidar wannan a wata babbar gunduma ta Jihar Fulorida. A da, sai wanda malaminsa ko iyayensa suka gabatar a ke gwadawa. Cikin 2005 aka ce a gwada ko wane yaro na aji biyu, da tambayoyi na zane da siffofi waɗanda ba su bukatar ƙwarewa a Turanci. Nan da nan 'ya'yan talakawa da 'ya'yan baƙar fata da aka gane masu hazaƙa ne suka ƙaru ƙwarai, na masu jin Sifaniyanci a gida har suka ninka fiye da biyu. Yaran nan dā ma suna zaune cikin azuzuwan, idon manya ne bai kai gare su ba. Da kuɗi suka yi ƙaranci aka dakatar da gwajin, sai abin ya koma gidan jiya.

Mu duba namu. Ɗan ma'aikaci a birni ubansa ya san ranar rajista, yana da kuɗin biya, yana jin Turanci a gida, wataƙila har an ɗaukar masa malamin da zai bi da shi tambayoyin bara. Ɗan manomi a ƙauye fa? Ubansa bai taɓa jin sunan makarantar ba, damina kuwa rabin kwanakinsa a gona ya ke yi. 'Yar da ke talla kafin ta zo aji, ta kan iya ƙirga canjin mutum biyar a ka ba kuskure, amma kunya ba ta barinta ɗaga hannu. Waɗannan in malaminsu bai gan su ba, ba mai ganinsu.

Saboda haka akwai abubuwa huɗu a wuyanmu. Na ɗaya, mu rarrabe hazaƙa da ladabi da tsabtar riga. Sau da yawa mai hazaƙa shi ne mai yawan tambaya har ya gundure mu, ko mai ƙiriniya don aikin ya yi masa sauƙi. Na biyu, mu riƙa ba dukan aji tambaya mai sa tunani, ko da sau ɗaya a mako, wani lokaci da Hausa, don kada ƙarancin Turanci ya rufe mana basirar yaro. Mu kuma rubuta abin da muka gani a littafi. Na uku, mu san lokacin rajista, mu taka har gida mu yi wa uba bayani, gama magana a zaure ta fi takarda a aljihun yaro. Na huɗu, tun da gurbi kaɗan ne, mafi yawan masu hazaƙa a hannunmu za su zauna. Wanda ya gama aiki da wuri, kada mu ƙara masa irinsa guda ashirin. Mu ba shi wanda ya fi wuya, ko littafin ajin gaba.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta, amma sai da mai dubawa. Shekarun rajista ba su dawowa, yaron da ya wuce su ya wuce ke nan. Allah ya ba mu idon gani, ya kuma tsare mu da zama sanadin tauye rabon ɗan wani, amin.