Durowar Da Ba Ta Bukatar Ƙusa

Duk wanda ya taɓa sayen kabad na araha ya san wannan takaici. Ba a yi shekara ba, ka ja durowa, fuskarta ta biyo hannunka, sauran ya tsaya a ciki. Laifin na ƙusa ne. An buga ta ta hanyar da ake jan durowar, don haka kowane ja sai ya zare ta kaɗan.

Tsofaffin kafintoci suna da maganin wannan, wato haɗin da ake kira wutsiyar kurciya. Tun zamanin Fir'aunonin Masar ake yin sa. Ana yanka bakin katakon gefe ya zama haƙora masu faɗi a waje, matsattsu a ciki, kamar wutsiyar tsuntsun. Sai a ɗora shi a kan katakon fuska, a zana wurin zamansu da wuƙa, ba da fensir ba, gama kaurin fensir kaɗai ya isa ya ɓata aikin. A yanka da ƙaramin zarto, a share da kurfi. Idan itacen mai tauri ne kamar maɗaci, karkatar haƙoran kashi 1 cikin 8 ce. Mai laushi kuwa 1 cikin 6. In an haɗa, yawan ja sai ƙara ƙulle shi yake yi. Gam ɗin ma taimako ne kawai.

Amma fa yanka rabin aiki ne. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma ta faɗinsa yake yi, ba ta tsawo ba. Mafi yawan katakon da ake kawo mana daga kudu da sauran danshinsa yake isowa. Kafintan da ya san hannunsa zai bar shi ya sha iska tukuna. In da hunturu yake saita durowa, zai bar mata ɗan sarari, in ba haka ba watan Agusta sai an sa ƙafa kafin ta buɗe. Gindinta kuma a cikin tsagi ake zura shi, ba a manne shi, domin ya sami wurin motsi.

Aikin yana cin lokaci, kuɗinsa ma ya fi. Iyaye masu shirin kayan ɗakin 'ya'yansu, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ku. Ku zaro durowar gaba ɗaya, ku dubi kusurwoyinta, ku mayar. In ta ɗan cije, ku goga mata kyandir a gefe.