André Aubréville, mutumin da ya baza sunan gurgusowar hamada a duniya

Duk ma'aikacin da ya taɓa rubuta takardar neman tallafin dashen itatuwa ya yi amfani da kalmar désertification. Wanda ya baza ta a duniya shi ne André Aubréville, Bafaranshe masanin tsirrai da gandun daji, wanda aka haifa a 1897, ya rasu a 1982.

A 1935 wani Baturen Ingila, Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu za ta binne ƙasar Hausa. Faransa da Ingila suka aiko ayarin masana, har da Aubréville, suka bi iyakar Nijar da Najeriya daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Ba su tarar da rairayin da ke tafiya ba. Cikin littafinsa na 1949, Aubréville ya ɗora laifin lalacewar ƙasa a kan gatari da wutar daji, wato a kan manomi. Wannan ra'ayi ya ƙarfafa dokokin daji masu tsanani, ya kuma yi tasiri har taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Nairobi a 1977.

Sai dai ba ko'ina maganarsa ta tsaya ba. A 1996 masu bincike biyu, Fairhead da Leach, sun nuna cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyukan Kisidugu, a Gine, mutanen gari ne suka raine shi. Haka ma gawon da ya cika gonakin Damagaram tun bayan farin 1984, manoma ne suka bar tohonsa ya girma.