Yadda Hanyoyin Kano Suka Sake Kama

Kai mai karatu, in ka shiga cikin birnin Kano, ka lura da hanyoyinsa. Manyansu sun taso daga ƙofofin ganuwa, sun nufi Kasuwar Kurmi da gidan Sarki. Tsakaninsu kuwa sai lunguna masu kwane-kwane, gama don mai ƙafa da jaki aka yi su.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙi suka yi ta zuwa, aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa. Can tituna miƙaƙƙu ne, kowane ya ratsa ɗan'uwansa. Ka san amfanin wannan? In mararraba ta yi yawa, tafiya takan gajarta. In hanya guda ta toshe, sai ka bi wata.

Daga baya motoci suka yawaita, mutane suka ƙaru, gari ya cinye gonaki ta wajen Kurna da Hotoro da Sheka. Wuri da yawa mai gona shi ke yanka filaye da kansa, abin da Kanawa ke kira awon igiya. Don kwaɗayin fili, sai a matse hanya, wata ma ba ta ɓullewa. Gidan da kake hange sai ka yi dogon zagaye kafin ka kai shi. Ran da gobara ta tashi, motar kashe wuta ba ta da mashiga.

To, gida akan rushe a sake, amma hanya takan daɗe inda aka fara aza ta. Saboda haka kafin ka sayi fili, tambayi inda hanyarsa ta ɓulle. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.