Daidaita Ra'ayoyi a Taron Ƙara wa Juna Ilimi: Misalin Royaumont

A watan Oktoba na 1975 aka gudanar da wani taron ƙara wa juna ilimi a Royaumont, kusa da birnin Paris, a kan tambayar da ta daɗe tana raba kan masana: shin da tushen nahawu ake haihuwar yaro, ko kuwa gina shi yake yi sannu a hankali? Noam Chomsky ya tsaya a kan ra'ayi na farko, Jean Piaget kuma a kan na biyu.

Masu shirya taron ba su tsaya ga ƙidayar magoya baya ba, wato Fodor a nan, Inhelder da Papert a can. Sun nemi jagororin biyu su rubuta matsayinsu tun kafin zama, sannan suka gayyato masana ilimin halittu irin su Jacques Monod da François Jacob, waɗanda ba almajiran kowa ba ne, domin su auna hujjojin da ma'aunin wani fanni dabam. Wannan ita ce dabarar da ta fi cancantar koyi.

Sai dai an bar giɓi. Chomsky da Piaget duk sun yi ittifaƙi cewa ƙwaƙwalwar jariri ba allo ba ce wankakke, don haka mazhabar B. F. Skinner, wadda ta jingina koyon harshe ga horo da sabo, ba ta sami mai kare ta sosai ba. Haka kuma misalan nahawun da aka yi ta jayayya a kansu, kusan dukkansu daga Ingilishi aka ɗebo su, alhali dukkan harsunan ɗan'adam ake yanke wa hukunci.